Babur Nawa, Suna Nasa

Ni dillalin shanu ne a karar Wudil, haka na tarar da ubana. A wurinmu ciniki ba shi da wuya. A taya ka ce albarka, a ƙara ka ce albarka, har a kai inda ranka ya kwanta ka ce ka sallama. A tafa a gaban mutane, a miƙa wa mai saye igiya. Da zarar igiyar nan ta shiga hannunsa, sa ya zama nasa, ko a bakin kara ya faɗi ya mutu shi ya yi asara. Da wannan kan na je sayen babur, kuma shi ya ja mini abin da zan faɗa.

Wanda ya sayar mini taubashina ne, ɗan kawuna. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Sa'ana ne, rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya. Shekarar da aka zo ɗibar yara makarantar boko, ni mai unguwa ya ambata. Uwata ta jefa ni cikin rumbu ta rufe, na wuni ina tari a cikin ƙaiƙayin gero. Da aka rasa ni sai aka kama shi a madadina. Ya tafi yana kuka, ni na fito ina dariya, har fura aka dama mini don murna. Bayan shekaru ya dawo garin a matsayin malamin gona, da farin wando da biro biyu a aljihu, ni kuwa ina nan da kashin shanu a dunduniya. Ban ce uwata ta yi laifi ba. Amma duk ranar da na gan shi sai in ji ƙaiƙayin rumbun nan a wuyana.

Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka a wasanmu shi ne ubangida ni ne bawa. Bai taɓa kirana da sunana ba. Ko a gaban wa muka haɗu sai ya ce, "Bawa, an tashi lafiya? Yaya shanun mutane?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, ubangida matsiyaci." Kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi da taubashi shi ya faɗi, har tsofaffi sai sun yi masa faɗa. Shi wasan yake yi har zuciyarsa. Ni bakina ne kawai ke wasa.

Babur ɗin ja ne, ɗan Japan, da madubi biyu da ƙarfen kare gwiwa. A kansa yake zagaya Utai da Achika da Ɗankaza yana koya wa manoma zuba takin zamani. Ba a garin kaɗai ba, har a ƙauyuka an san kukansa. In ya wuce ni ina tura kekena cikin yashi sai ya danna oda sau biyu, ya ɗaga hannu, ya bar ni da hayaƙi. Nakan tsaya in bi shi da kallo har ya ɓace. Na san kowane kwarzane da ke jikin tankinsa tun bai zama nawa ba.

Sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka haɗa musu da na baya. Garin ya cika da kwanon rufi da buhunan siminti, kowane zaure da rediyo. Mu ma a kara mun samu, don mutanen kudu sun riƙa cika manyan motoci da shanu ba sa tsayawa dogon ciniki, la'ada ta yi kauri. Taubashina ya tafi Kano ya dawo da mota fara, kujerunta da leda a kai. Ya sa babur a kasuwa.

Da na yi haƙurin 'yan watanni da na sayi sabo a kwali. Maiɗakina ma ta faɗa mini haka. Amma ni ba babur nake so ba, wannan babur ɗin nake so. Ina so in ga ya fita daga hannunsa ya dawo nawa, garin kuma ya gani.

A zauren kawuna aka yi cinikin, bayan la'asar, da dattijai huɗu a zaune. Na taya, ya ce albarka. Ya ce bawa ba ya sayen dokin ubangidansa, sai dai ya yi masa ciyawa. Aka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Muka ja har ya sallama. Na biya a take, muka tafa, ya miƙo mini makulli. Da makullin nan ya taɓa tafin hannuna na ji kamar igiya ce. Aka shafa fatiha.

Ina shirin tashi ya zaro wata jakar leda daga aljihu, cike da takardu.

"Ga takardunsa. Amma duk sunana ne a jiki. Ranar Litinin ka zo da sassafe in ɗauke ka a mota mu je ofishin lasin a Kano a juya sunan. A kujerar baya za ka zauna fa, kuma ka wanke ƙafa."

Dattijan suka sake dariya. Na ce, "Ka sallama ko ba ka sallama ba?"

"Na sallama."

"Ga shaidu ko babu?"

"Ga su."

"To takarda ta me? Ni da nake sayar da bijimin da ya fi wannan tsada da tafi ɗaya."

"Bijimi ba shi da lamba, bawa."

Na karɓi jakar na cusa a ƙarƙashin kujerar babur ban ko buɗe ba. Gaskiyar maganar ita ce tun ranar da ya shigo da motar nan na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa shigarta ba. Ban faɗa wa kowa ba. Ba zan zauna a baya yana tuƙi yana kallona ta madubi ba, ko da a kujerar gaba ce ma ba zan zauna ba.

Kwana uku na yi ina koyo a filin bayan kara, na faɗi sau biyu, na goge gwiwa. Ranar da na fara shiga gari a kai na sa sabuwar riga. Na tsaya wurin mai sayar da fetur a kwalba, ya dube ni ya dubi babur ɗin ya ce, "Malamin gona ne ya aiko ka?" Na ce na saya. Ya ce, "Kai, madalla. Ai babur ɗin malam ba ya shan mai."

Haka abin ya ɗore. Bakanike ya ce, "Kawo babur ɗin malam in duba fulogi." Abokan dillanci su ce, "Ara mini babur ɗin malam in leƙa tasha." Wata safiya maiɗakina da kanta ta ce mini kaji sun hau babur ɗin malam sun ɓata kujera. Na ce, "Wane malam ne a gidan nan?" Ta ce ai bakinta ne ya saba. Ranar ban ci tuwon gidan ba.

Na sa aka yi wa kujerar riga ta jar fata da tuntaye. Na kankare hoton zangarniyar masara da ya manna a tanki. Na canza oda. Duk a banza. Na je Achika duba wasu shanu, ina shiga gari sai ga manoma sun fito daga zauruka da buhuna a hannu, sun ji kukan babur sun zaci taki ya zo. Da suka ga ni ne, wani tsoho ya ce, "Au, yaronsa ne. Ka ce wa malam muna jira." Ina da 'ya'ya uku a lokacin.

Shi kuwa bai manta da maganar takarda ba. Ranar sallah ƙarama a gidan kawuna ya ce, "Bawa, har yanzu nawa ne fa. Ka riƙe mini shi da kyau." Na ce ya je ya ci takardar da miya. Bayan wata biyu ya tsayar da mota a bakin kara, ya leƙo ta taga ya sake tuna mini. Na ce ina da aiki. Da yake bakinsa ba ya rabuwa da wasa, ni kuma kunnena ba ya jin komai daga gare shi sai gori, ban taɓa tsayawa na auna ko akwai gaskiya a ciki ba.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, na ɗauko wani mai sayen shanu daga tsallaken kogi. Muna isowa bakin gada sai ga 'yan sanda sun sa shinge. A kwanakin an yi ta satar babura a Kano ana fitowa da su ƙauye, saboda haka kowane mai babur sai an duba shi. Wani saje mai furfura a gemu ya ɗaga mini hannu. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali, na tambayi aiki. Ya ce in kawo takardu. Na ɗaga kujera na miƙa masa jakar, ranar na fara ganin cikinta.

Ya tambayi sunana, na faɗa. Ya dubi katin babur da ke cikin jakar ya dube ni.

"Wannan ba sunanka ba ne."

"Na wanda ya sayar mini ne."

"Ina takardar sayarwa?"

"Ranka ya daɗe, a gaban dattijai huɗu aka yi. An tafa, an shafa fatiha."

"Ban ƙaryata ka ba, malam. Amma dattijai na alƙali ne. Ni abin da ke rubuce nake karantawa, kuma a rubuce babur ɗin wani ne ke hannunka."

Ranar kasuwa gadar Wudil ba masaka tsinke. Masu kaji, masu tukwane, Fulani da ƙoren nono, duk suka tsaya kallo. Wani mahauci da ya san ni ya matso zai taimaka, ya ce, "Saje, ai wannan babur ɗin malamin gona ne, kowa ya sani." Saje ya ce, "To ka ji." Ya zare makullin ya sa a aljihu. Ni da kaina na tura babur ɗin har caji ofis, rana tsaka, tuntayen kujera suna reto. Aka jingine shi a gindin darbejiya. Saje ya ce, "Ka zo da mai sunan, ka tafi da abinka. Ba na son komai naka."

Ban je wurin taubashina ranar ba. Asabar ma ban je ba. Na fito da tsohon kekena, tayar baya ba iska, na koma da shi. Na tafi kara a ƙasa. Sau biyu na bi ta bayan caji ofis na leƙa ta kan katanga, ga babur ɗin can tsuntsaye sun yi masa kashi a tanki. Ranar Lahadi da safe maiɗakina ta ajiye mini koko ta ce, "Ko ka je ko kada ka je, labarin ya riga ya kai masa. Abin da ya rage shi ne babur ɗin ya ruɓe a can."

Na same shi a ƙofar gidansa na gwamnati yana goge gilashin mota da tsumma. Ya gan ni ya fara dariya tun ban yi sallama ba, har ya dafa motar.

"An kama bawa da kayan ubangida."

"Ka zo mu je."

"Shiga."

"A ƙasa zan tafi."

Ya zaci wasa ne. Na juya na kama hanya. Sai ga shi ya biyo ni a hankali, motar tana tafiya daidai da takuna, ya sauke gilashi yana yi mini hira. Yana tambayar lafiyar gwaggonsa, yana ba ni labarin sabon irin gyaɗa. Haka muka ratsa tasha, ni ina gumi a gefen kwalta, shi yana gaisa da mutane ta taga. Ban taɓa jin hanyar caji ofis ta yi nisa kamar ranar ba.

Saje ya miƙe da ya gan shi, ya ba shi kujera. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Suka yi magana rabi Hausa rabi Turanci. Saje ya zaro makullin, ya wuce ni, ya sa a hannun taubashina. Ba da mugunta ya yi ba, ka'idarsa ke nan. Amma na ga makullin da na biya ya koma tafin da ya fito.

A waje, gindin darbejiyar, ya miƙo mini shi. Ya daina dariya. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba tun muna yara.

"Ka saurare ni. In babur ɗin nan ya buge wani a hanya, ni za a zo nema. In aka sace shi, ba ka da bakin cewa naka ne. In na mutu gobe, a takarda cikin gadona yake. Gobe Litinin. Mu je a gama."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya fi gorin ciwo. Na ce, "Zan je. Amma ba a motarka ba. A kan babur ɗina, ni a gaba kai a baya."

Ya dube ni ya daɗe. Ina jin ranar ya fara gane abin da ke cikina, ko kuwa dai ya daɗe da sani. Ya ce, "To. Amma in ka kashe ni gwaggo ba za ta yafe maka ba."

Washegari da hantsi muka ɗauki hanyar Kano. Ya sa babbar riga fara da hula mai aiki. Da muka haye gada na murɗa totur. Manyan motocin siminti suna wuce mu suna kaɗa mu, rigarsa ta cika da iska tana faf-faf a bayana. Da farko ƙarfen baya ya riƙe, yana gyara mini tuƙi, in sa giya in rage wuta. Da na shiga wani rami sai na ji hannuwansa biyu sun kama ƙuguna, ya daina gyaran tuƙi, sai salati a hankali. Hularsa ta tashi, ya ce in tsaya, na yi kamar ban ji ba. Ba zan ɓoye ba, daga Wudil zuwa Mariri ban taɓa jin daɗin duniya irin na wannan tafiya ba. Malamin gona yana maƙale da rigar dillali.

A ofishin lasin mutane har bakin titi, kowa ya sayi abin hawa a shekarar. Na kama layi. Shi ya leƙa ta taga, ashe akawun ajinsu ɗaya a makaranta. Suka rungume juna, aka shigar da mu ta ƙofar gefe. A nan daɗin hanya ya ƙare. Ya rubuta takardar sayarwa a tsaye, ya zaro biro ya sa hannu, wani dogon zane mai jela. Akawun ya miƙo mini biro. Na ce ban iya ba, allo kawai na yi, shi ma ban yi nisa ba. Ya turo mini tawada ya kama babban yatsana ya dangwala, kamar yadda ake kama kunnen ɗan maraƙi. Sannan ya ɗauki rula ya ja jan layi a kan wani rubutu a katin, ya yi wani rubutun a ƙasa, ya buga hatimi.

Na ce, "Wanne ne nawa?"

Ya nuna na ƙasa.

"Na saman fa? Ba za a goge ba?"

"Ba a gogewa. An dai soke."

Taubashina ya ce, "Shi ke nan, bawa, ka zama mai babur. Sai ka saya mini hula."

Da la'asar muka iso Wudil. Da gangan ban bi ta bayan gari ba. Na rage gudu na ratsa ta tasha, ta gaban mai fetur, ta gaban bakanike, har bakin kara inda dillalai ke zama a kan benci. Ina so kowa ya ga wanda ke riƙe da kan babur da wanda aka goyo, kansa ba hula, rigarsa ta yi ja da ƙura. Katin yana aljihuna na gaba, ina jin shi a ƙirjina. Na tsaya na kafa ƙafa. Babban dillalinmu ya ɗago kai ya dube mu, ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga arziki. Malamin gona har direba ya ɗauka wa babur ɗinsa."

Taubashina ya buɗe baki zai gyara maganar. Na ce ya sauka. Ya sauka, ya kakkaɓe riga, ya tafi gida a ƙasa. Ban zaro katin ba. A cikin waɗanda ke kan bencin nan babu mai iya karanta shi, har da ni.

Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, tare da wasu magidanta. Ba don komai ba sai don katin nan. Ranar da baƙaƙe suka fara haɗuwa a idona na dawo gida na ɗauko shi daga ƙasan adaka. Daga sama ake fara karatu. Sunan farko da na taɓa karantawa da kaina nasa ne, jan layin bai rufe ko harafi ɗaya ba. Nawa yana ƙasa, da rubutu ƙanana don wuri ya ƙare wa akawun.

Babur ɗin ya yi mini aiki shekaru kafin injinsa ya buga. Yana nan a lungun zaure, ba taya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Masu sayen ƙarfe sun taya har sau uku na ce albarka. Taubashina yanzu a Kano yake, ya canza mota ban san sau nawa ba, kuma har yau ban shiga ko ɗaya ba. Duk watan cika-ciki yakan zo ya ba ni kuɗin shara kamar yadda aka saba, ya leƙa lungun ya ce, "Bawa, yaya babur ɗina?"

Nakan ce, "Yana nan." Katin ma yana nan.